Likita Ya Amsa: Dattawa Masu Jinya da Aminan da Ke Tallafa Musu

Yawancin saƙonnin wannan mako daga dattawa suka fito, waɗanda su kansu shekaru sun ja, amma ɗawainiyar jinyar miji ko mata ko ɗan'uwa ta rataya a wuyansu, sai kuma aminansu da ke neman hanyar taimaka musu. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya ba masu jinya lada.

Tambaya: Likita, shekarata 66, ina jinyar matata da ta samu shanyewar ɓarin jiki. Duk lokacin da na ɗaga ta daga gado sai bayana ya riƙe. Mene ne mafita?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Baba. Ka daina sunkuyawa kana ɗaukarta da ƙarfin baya. Ka fara zaunar da ita a bakin gado, ka lanƙwasa gwiwoyinka, ka riƙe ta kusa da jikinka, sannan ta dogara da ƙafarta mai lafiya ku miƙe tare. Kada ka taɓa jan ta da hannun da ya shanye, domin kafaɗar tana iya gocewa. Likitan gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi zai nuna maka yadda ake yi a zama ɗaya. Idan ciwon ya fara sauka ƙafarka tare da mutuwar jiki, ko ka kasa riƙe fitsari, ka je asibiti a ranar.

Tambaya: Ni da aminiyata duk muna da hawan jini. Idan maganina ya ƙare takan ba ni nata kafin in samu zuwa asibiti. Akwai laifi?

Amsa: Akwai laifi babba, Hajiya. Magungunan hawan jini kala-kala ne, kuma likita yana zaɓa wa mutum ne bayan ya duba ƙodarsa da zuciyarsa da sauran magungunan da yake sha. Wanda ya dace da aminiyarki yana iya taɓa miki ƙoda, ko ya sauke miki jini fiye da kima har jiri ya kayar da ke. Ita ma kuma nata zai ƙare kafin lokaci. Idan tana son taimaka miki, ta riƙa tuna miki tun saura mako guda maganin ya ƙare, ku tafi asibitin tare a auna ku duka biyu.

Tambaya: Likita, maigidana yana da shekara 74. Kusan shekara biyu ke nan da ya fara mantuwa. Yanzu yakan maimaita tambaya ɗaya ba iyaka, yana zargina da ɗauke masa kuɗi, da yamma kuma sai ya miƙe ya ce gida zai tafi, alhali a gidansa yake. Danginsa wasu sun ce sammu ne, wasu sun ce aljanu ne, har an fara nuna ni da baki. An yi masa hayaƙi, an ba shi jiƙe-jiƙe, an kuma ce in riƙa ɗaure masa ƙafa da dare. Wata ƙawata tana ba ni maganin barcinta ina ba shi domin in samu in runtsa. Gigin tsufa ne ko wani abu dabam?

Amsa: Mama, wannan saƙon shi ya fi tsaya mini a rai, don haka ki yi haƙuri zan ja magana da tsawo. Ban duba maigidan ba, ba kuma zan yanke hukunci daga nesa ba, amma abin da kika kwatanta ya yi kama ƙwarai da cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira dimenshiya. Tsufa kaɗai ba ya kawo wannan. Dattijo mai lafiya yana iya manta inda ya ajiye makulli ya tuna daga baya, amma ba ya manta gidansa. Cuta ce ta jiki kamar ciwon suga ko ciwon zuciya, sai dai ita a ƙwaƙwalwa take aikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke ɗauke da ita a duniya, kuma kusan miliyan 10 suke kamuwa kowace shekara. Kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na masu ita suna da nau'in da ake kira da sunan likitan nan Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda ya fara bayyana shi a 1906. Wani nau'in kuma yana biyo bayan hawan jini da toshewar ƙananan hanyoyin jini a ƙwaƙwalwa.

Idan kika gane yadda cutar ke tafiya, halayen da suke ba ki tsoro za su daina zama abin mamaki. Takan fara ne da ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke adana sababbin abubuwa, shi ya sa zai ba ki labarin ƙuruciyarsa tiryan-tiryan, amma ya kasa tuna ko ya ci abinci ɗazu. Gidan da yake nema da yamma sau da yawa gidan da ya tashi a cikinsa ne, domin shi ne ya rage masa a ƙwaƙwalwa, kuma sananne ne cewa masu wannan cuta sun fi rikicewa idan rana ta yi sanyi. Zargin sata kuwa, shi da kansa yake ɓoye kuɗin ya manta, da ya nema ya rasa sai hankalinsa ya tafi kan wanda ya fi kusa da shi, wato ke. Wannan zargi yana cikin alamun da muka fi ji daga bakin masu jinya, kuma ba ya nufin ya daina yarda da ke ko wani ya shiga tsakaninku.

Yanzu kan abubuwan da ake yi masa. Addu'a ba ta hana magani, ku ci gaba da yi, za ta kwantar masa da hankali ta kwantar miki. Amma hayaƙi a ɗaki a rufe ga dattijo mai shekara 74 cutar da huhunsa ne kawai, jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba kuwa mun sha ganin sun kashe ƙodar mutumin da ya zo da ƙodarsa lafiya lau. Ɗaurewa kuma, don girman Allah, kada a sake yi. Mutumin da bai san inda yake ba, ya farka cikin duhu ya ji ƙafarsa a ɗaure, me ake tsammanin zai yi in ba fizge-fizge da ihu ba? Sai kuma a ce ga shi nan aljanun sun tashi. Igiyar tana yanka fata, tana hana jini gudu, kuma idan ya yunƙura ya faɗi zai iya karya ƙugu, karayar da tsofaffi da yawa ba sa komawa daidai bayanta.

Maganin barcin ƙawarki ma haɗari ne, ko da yake na san gajiya ce ta kai ki. Irin su diazepam suna ƙara wa tsofaffi ruɗewa, suna sa su tangaɗi su faɗi, suna kuma iya danne numfashi. Idan ya yi makonni yana sha, kada ki yanke masa shi lokaci guda, domin hakan ma yana da nasa haɗarin; ki ɗauki kwalin ki kai wa likita ya tsara yadda za a rage shi.

Ki kai shi asibiti a wannan makon, wurin likitan ƙwaƙwalwa ko likitan tsofaffi idan akwai. Ba zan ɓoye miki ba, har yau babu maganin da ke warkar da dimenshiya, sai dai akwai waɗanda ke sassauta alamunta na wani lokaci. Dalilin da ya sa nake matsa miki shi ne, akwai cututtukan da ke kama da ita waɗanda ake warkewa daga gare su: ƙarancin bitamin B12, raunin maƙoƙo mai sarrafa kuzarin jiki, ciwon damuwa mai tsanani, illar wasu magunguna, har ma da rashin ji sosai. Gwajin jini da tambayoyi ne za su bambance. Ki tafi da ɗaya daga cikin danginsa wanda ake jin maganarsa, ya ji bayanin daga bakin likita, domin wannan ne zai fi saurin kashe maganar da ake yi a kanki.

A gida kuma, kada ki yi gardama da shi. Idan ya ce gida zai tafi, ki ce masa to, bari a ɗan huta tukuna, ki ja shi da hirar mutanen gidan nasu har abin ya wuce. Idan ya ce an ɗauke kuɗi, ki taya shi nema. Ki tsayar masa da lokacin ci da wanka da kwanciya, ya riƙa ɗan tattaki da rana, a rage masa barcin rana, a kunna fitila tun kafin duhu ya shigo. A kawar da magunguna da wuƙaƙe da ashana daga inda hannunsa zai kai, a sa masa takarda a aljihu mai sunansa da lambar wayarki, a kuma sanar da maƙwabta halin da yake ciki. Wani abu kuma da nake so ki riƙe da kyau: idan ruɗewar ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, ko ya zama mai yawan barci ba ya gane kowa, ko zazzaɓi ya shigo, kada ki ce cutar ce ta ci gaba. Sau da yawa ciwon mafitsara ne, ko ciwon huhu, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko faɗuwar suga, kuma ana maganinsu idan an hanzarta. A kai shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Tambaya: An turo mana saƙo a WhatsApp cewa idan mutum ya faɗi da shanyewar ɓarin jiki, a tsattsaga masa yatsu da allura jini ya fita. Gaskiya ne?

Amsa: Ƙarya ce, Malam, kuma na gaji da ganin wannan saƙo yana yawo. Matsalar a ƙwaƙwalwa take, ɗigon jini daga yatsa ba ya kai can. Idan baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, a lura da lokacin da abin ya fara, a kwantar da shi a gefensa, kada a ba shi ruwa ko abinci ko wani magani, a garzaya asibiti. Allurar da ke narkar da gudan jini tana aiki ne cikin awa huɗu da rabi na farko, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa kafin a yi ta.

Tambaya: Yayata tana kwance ba ta iya juyawa. Na ga fatar ƙugunta ta yi duhu ta fara saɓulewa. An ce in barbaɗa garin kafso ko toka.

Amsa: Kada ki sa ko ɗaya, kada kuma ki murza wurin. Wannan gyambon kwanciya ne, nauyin jiki ne ke danne fata a kan ƙashi har jini ya daina kai mata. Ki riƙa juya ta kowane awa biyu, ki sa matashi tsakanin gwiwoyinta da ƙarƙashin ƙwaurinta don diddige ya tashi daga katifa, ki canza shimfiɗa da zarar ta jiƙe. Tunda fatar ta riga ta buɗe, ma'aikacin jinya ya gani cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan akwai wari ko mugunya ko zazzaɓi, yau za a je, domin irin wannan gyambo yana cin nama ta ciki fiye da yadda ido ke gani.

Tambaya: Ina rage wa mahaifina ruwan sha don kada ya riƙa jiƙa shimfiɗa. Ya yi daidai?

Amsa: Bai yi ba. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa sosai, kuma ƙarancin ruwa yana kawo ruɗewa da ciwon mafitsara da taurin bayan gida. Ki ba shi isasshe da rana, ki rage kawai dab da kwanciya, sai fa idan likitan zuciya ko na ƙoda ya ƙayyade masa. Rashin riƙe fitsarin ma a kai shi a duba dalilinsa.

Tambaya: Likita, aminiyata da muka shekara arba'in tare tana jinyar mijinta ita kaɗai. Ta rame, ta daina fita, ko wayata ba ta cika ɗauka ba. Idan na ce me zan yi miki sai ta ce babu komai, an gode. Ta yaya zan taimake ta?

Amsa: Hajiya, Allah ya bar zumunci. Aminiyar taki ita ma tana bakin zama majinyaciya, kuma wannan abu ne da muke gani kullum: a zo da mara lafiya, mu kalli wadda ta kawo shi mu ga ta fi shi buƙatar gado. Masu jinya na dogon lokaci suna fama da rashin barci da ciwon baya da hawan jini da ciwon damuwa, sannan su ne na farko wajen tsallake ranar ganin likitansu, saboda babu wanda za su bar wa mara lafiya. Kunya da kara ba za su bar ta ta faɗi buƙatarta ba, don haka ki daina tambaya. Ki ce mata ranar kaza da hantsi zan zo in zauna da shi awa uku, ke kuma ki kwanta ko ki je asibiti, kuma ki cika alkawarin kowane mako. Ki haɗa kai da sauran ƙawaye da 'ya'yanta a raba kwanaki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan ta fara magana, ki saurare ta ba tare da kin katse ta da ki yi haƙuri ba. Mai jinya takan ji haushi, takan ji ta gaji har ta yi fatan abin ya ƙare, sannan ta zargi kanta, kuma tana buƙatar wanda za ta faɗa wa hakan ba a yi mata kallon mara imani ba.

Ramar da kika ambata ita ma a bincika, kada a ɗora ta kan gajiya kawai, domin ciwon suga da wasu cututtukan suna farawa haka. Ki raka ta a auna mata jini da suga. Idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai sun wuce mako biyu, tare da rashin barci ko rashin cin abinci, ki gaya wa likitan a gabanta, domin ciwon damuwa yana da magani. Idan kuwa kika ji ta ce gara ta mutu ta huta, ko ta ce tana tsoron kada ta cutar da shi, kada ki bar ta ita kaɗai a ranar, ki kira ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya zauna da maigidan, ke kuma ki kai ta asibiti.