Tambaya da amsa: Haɗa rundunar wasan yaƙin tebur da kuɗi kaɗan a Jos

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Unguwar Rogo, Jos. Na daɗe ina kallon bidiyon masu wasan yaƙi a kan tebur da 'yan sojojin roba da suke fentawa da hannu, musamman Warhammer 40,000, har abin ya shiga raina. Na tara naira dubu 100, amma da na duba farashi a intanet sai gwiwata ta yi sanyi. Wace runduna zan fara saya, kuma me zan iya bari sai gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin maganar wace runduna, akwai tambayar da ta riga ta: da wa za ka buga? Yawancin masu bidiyon nan a Ingila ko Amurka suke, inda mutum zai sayi runduna ɗaya ya nufi shago ko kulob ranar Asabar, ya tarar da abokan karawa kowa da tasa, ga tebur a shirye. Kai kuwa, in ba ka riga ka san mai nasa sojojin ba, duk wanda ka jawo cikin wasan hannu rabbana zai zo. Runduna biyu ke nan a wuyanka, ga fili, ga dokoki. A kan wannan za ka kasafta kuɗinka, kuma shi ya sa zan ce ka jingine Warhammer tukuna.

Ba don wasan ba shi da daɗi ba. Kamfanin Games Workshop da ke Nottingham ya fito da shi tun 1987, kuma sojojinsa na cikin mafi kyawun sassaƙa a duniya. Lissafin ne ba ya fita. Akwatin farawa da suke kira Combat Patrol yana kai wajen fam 100 kafin kuɗin aikowa, kuma ɓangare ɗaya ne kawai, bai ma kai rabin cikakkiyar runduna mai maki 2,000 ba (maki su ne ake auna ƙarfin runduna da su a wasan). Sannan suna sabunta dokoki kusan duk shekara uku: 2017, 2020, 2023. Littafin runduna na hannu da ka tsinta da araha, mai yiwuwa zamaninsa ya wuce. In zuciyarka ta kafe a kan duniyar Warhammer, ƙaramin wasansu Kill Team ya fi dacewa da aljihu, don kowane ɓangare sojoji wajen goma ne, fili kuma inci 22 da 30. Ko ka sauke dokokin Grimdark Future na One Page Rules, kyauta ne, kuma ba ruwansu da kamfanin da ya ƙera sojanka.

Shawarar da ta fi maka ita ce sojojin tarihi masu sikelin 1/72. Kowane soja bai fi santimita biyu da rabi ba a tsaye. Italeri, HaT da Zvezda duk suna yin su, akwatin 'yan ƙasa yakan zo da wajen 40 ko fiye, na mahaya daga 12 zuwa sama, a kuɗin da a Warhammer ba zai ba ka jarumi ɗaya ba. Dokoki kuwa, duba Lion Rampant na kamfanin Osprey, wanda ya fara fitowa a 2014: ƙungiyar 'yan ƙasa mutum 12, ta mahaya 6, cikakkiyar runduna maki 24, yawancin ƙungiyoyi maki 4 kowace. Ana sayar da shi a PDF, ba kuɗin aikowa. Akwati ɗaya zai ba ka ƙungiya uku ko huɗu, kuma sun isa a fara gwabzawa. Saya akwati biyu na 'yan ƙasa, ɗaya naka ɗaya na abokinka. Dawakai su jira wata uku.

Ga wani abu da masu bidiyon ba za su faɗa maka ba. A jerin HaT akwai sojojin Murabiɗai, tsohuwar daular Musulmi ta Maroko da Andalus, masu rawani da amawali da manyan riguna. Da ɗan gyara da fenti suna komawa mayaƙan ƙasar Hausa ko Borno: masu mashi da garkuwa, 'yan baka, daga baya 'yan lifida. Lifidin doki ba wuya: ka yanka takardar tishu mai kauri, ka jiƙa ta da gam ɗin katako da aka tsinka da ruwa, ka lulluɓa wa dokin daga wuya zuwa gwiwa, in ta bushe ka zana dara-daran ja da rawaya da baƙi. Hotunan hawan sallah na Kano da Zazzau da Katsina sun ishe ka samfuri. In aljihu ya yi nauyi nan gaba kana son manyan sojoji masu milimita 28, Gripping Beast na da akwatunan Larabawa na roba, Perry Miniatures kuma na da Ansar na Mahadin Sudan. Sai dai kada ka gauraya sikeli biyu a tebur ɗaya, don ɗaya zai zama kamar ɗan ɗaya.

Inda kuɗi ya fi zurarewa shi ne aikowa. Kada ka kalli farashin da ke shafi. Haɗa kuɗin kaya, da na aikowa, da abin da za a iya caja a kwastan, ka raba da yawan sojojin, wannan ne farashin gaskiya. Ka shigo da sojoji kaɗai. Duk sauran kayan akwai su a Jos. Fentin feshi ma ba a yarda a sa shi a jirgin sama kamar sauran kaya, don haka kada ka ɓata lokacin odarsa. In kana da wanda zai dawo daga waje, roƙe shi ya yar da kwalayen ya zuba firam-firam ɗin robar da sojojin ke manne a jiki a leda, don iska ce rabin abin da ke cikin akwatin. In na hannu ne daga eBay, tabbatar mai sayarwa yana aikowa Najeriya kafin ka biya, kuma ka nemi waɗanda aka yi wa mummunan fenti, su ne suka fi araha. Jiƙa su a Dettol tsantsa kwana ɗaya, ka goge da tsohon buroshin haƙori. Kada ruwa ya taɓa su sai fentin ya fita tas, in ba haka ba ya zama danƙo mai kama hannu. Tina da ruwan goge jan farce kuwa suna narkar da roba mai tauri, ka nisance su.

Kasafin da nake ganin ya dace: rabi ga sojoji da aikowa, kashi ɗaya cikin huɗu ga fenti da buroshi, sauran ga gam, dokoki da tarkace.

Kayan aiki ba su da yawa. Abin yanke farce yana cire soja daga firam, reza ko 'yar wuƙar yankan takarda tana kankare layin da injin ƙira ya bari a gefen jiki. Gam iri biyu: supa gulu da farin gam na kafintoci irin Top Bond. A nan ake yawan tafka kuskure. Gam ɗin roba na musamman, irin na Tamiya ko Revell, narkar da roba mai tauri yake yi ya haɗe ta, kuma ba ya kama roba mai laushi wadda yawancin sojojin 1/72 suke da ita. Ko supa gulu riƙonsa a kanta ba ƙarfi. In za ka ɗora mahayi a doki, yanki guntun allura, ka soka rabi a sirdi rabi a jikin mahayin, sannan ka ɗiga gam. Mashin da ya lanƙwashe, tsoma shi a ruwan zafi daƙiƙa goma, ka miƙar da yatsa, ka jefa a ruwan sanyi.

Gindin da soja zai tsaya a kai, sayi washa ta ƙarfe mai faɗin milimita 20 a wajen masu kayan gini ko masu kusoshi da noti a Dilimi. Nauyinta yana hana soja faɗuwa, kuma in ka shimfiɗa maganaɗisu mai faɗi a gwangwanin biskit, rundunar za ta manne ko a keke Napep ka ɗauko ta. Toshe ramin da salatif na takarda, ka fesa mata fenti kafin ka shafa gam mai ruwa, in ba haka ba tsatsa ta huda fentin bayan makonni. Turawa sukan yi amfani da kwabbansu. Kai kada ka taɓa sulallan naira, dokar Babban Banki ta 2007 ta hana wulaƙanta kuɗi, har da na ƙarfe.

Yanzu fenti, kuma a nan yanayin Jos yake shigowa. Fara da wanke sojojin a ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke, don akwai maiƙon da masana'anta ke shafa wa mazubin da ake ƙera su a ciki, kuma fenti ba ya zama a kansa. In sun bushe, shafa musu farin gam da aka tsinka da ruwa daidai wa daida, siriri. Shi ne zai hana fenti ɓarewa duk lokacin da mashi ya tanƙwara. Sai shimfiɗar farko da fentin feshi irin na masu mota, marar ƙyalli, toka-toka ko fari. Gwada a guntun firam tukuna. Girgiza gwangwani minti biyu, ka tsaya nesa da santimita 20 zuwa 30, feshi gajere-gajere, a waje. Da damina, musamman Yuli da Agusta, danshi yana sa fentin ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, don haka jira rana ta buɗe. Da hunturu kuwa sanyin safiya yana rage ƙarfin gwangwani ya riƙa tofi, ƙura kuma tana manne wa ɗanyen fenti. Sa gwangwanin a ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, minti biyar, ka yi feshin da hantsi, ka kifa kwali a kan sojojin har su bushe.

Ba ka bukatar kwalaben Citadel ko Vallejo a farko. Fentin akirilik na masu zane ya wadatar, kala bakwai: fari, baƙi, ja, shuɗi, rawaya, ruwan ƙasa da ruwan azurfa. Kauri ne aibinsa, sai ka tsinka shi da ruwa har ya yi kamar madarar gwangwani, ka shafa sau biyu siriri. Shafi ɗaya mai kauri yana cike fuska da ninkin riga, soja ya koma kamar gunkin laka. Buroshi mai lamba 1 ko 2 mai tsinin baki shi zai yi kusan duk aikin. Iskar hunturu tana busar da fenti kafin ka kai shi jikin soja, maganinta kuwa robar abinci mai murfi: tishu jiƙaƙƙe a ƙasa, takardar gashin kek a sama, ka ɗiga fenti a kai. Zai kwana bai bushe ba.

Kada ka fenta ɗaya-ɗaya. Manna 12 a kan sanda, ka yi fatar dukkansu, sai riguna, sai rawani, sai makamai. Kafin ka kai na ƙarshe na farko ya bushe. Daga nan haɗa ruwan ƙasa da ɗan baƙi, kashi ɗaya fenti kashi takwas ruwa, da ɗigon sabulun ruwa wanda bai fi kan allura ba, ka shafe sojan gaba ɗaya. Ruwan zai gangara cikin lunguna ya bar inuwa, nan take ninkin rawani ya fito. In ya taru a gefen riga kamar tabki, tsotse shi da busasshen buroshi kafin ya bar zobe. Idanu kuwa manta da su. Daga inda ɗan wasa yake tsaye ba mai ganinsu. Rufe da wani siririn shafin farin gam.

Fili kusan kyauta ne. Bargo ko yadi ruwan ƙasa daga 'yan gwanjon Katako, ƙafa huɗu da huɗu, ya isa wannan sikeli. Sa littattafai a ƙarƙashi su zama tuddai. A ɓangaren masu katako na kasuwar, roƙi garin katako, ka tankaɗe, ka cuɗa da koren fenti mai ruwa, ka shanya: ciyawa ke nan. Yashi ma a tankaɗe a shanya sosai kafin a barbaɗa a gindin sojoji. Farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji ko talabijin yana zama duwatsu irin na Shere ko Riyom, amma fentin feshi yana cinye shi, sai an rufe shi da gam da yashi tukuna. In ganuwa da zaure kake so, shiga gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke harabar gidan tarihi na Jos, inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya, ka ɗauki hotuna, ka dawo ka gina da kwali. Dayis na lido shi ne dai mai fuska shida da wasan ke bukata, sai dai Lion Rampant yana son 12 a hannu lokaci guda. Don auna tazara a fili kuwa, tef ɗin tela yana da inci a gefe ɗaya.

Wanda yake da ƙyamar siffar mai rai bisa fahimtarsa ta addini, wasan ba ya tsayawa don wannan. Hafsoshin Furushiya, wata tsohuwar masarautar Jamus, da suka karɓi irin wannan wasa a 1824 da 'yan tubala masu launi suka yi a kan taswira. Kai ma da su ya kamata ka fara, ko ba ka da wannan damuwa: yanka kwali, rubuta "mashi", "baka", "doki", ka kira abokin nan ku buga sau uku kafin ka tura ko sisi waje. In a karo na uku shi ne ya kira ka yana tambayar yaushe za a sake, yi oda. In ya fara kawo uzurin lakca, nemi wani, kuɗinka na nan.