Ciwon agara da hawan keke

Tambaya: Likita barka da aiki, ni daga Gusau, agarata ta kumbura wajen buga ƙwallo, sati 3 kenan, da asuba dunduniya ta ƙi takuwa, to zan iya hawa keke kuwa?

Amsa: Sannu ɗan'uwa. Za ka iya, keke bai buga agara kamar gudu, amma a hankali, minti 10 zuwa 15 a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ban da hawan tudu ko miƙewa tsaye. Ka ɗan sauke sirdin, ka taka feda da tsakiyar ƙafa ba yatsu ba, nan mutane ke ɓata abin. In ciwon ya ƙaru washegari, rage. Kuma in kana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna ciprofloxacin gaya wa likitanka, yana raunana agara.