Tambaya da Amsa: Na yi odar mota mai limited slip, dila ya kawo min wadda babu shi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema kan rigimar da ta haɗa ni da dilan mota. Ni noman shinkafa nake a fadamar Haɗeja, hanyar gonata in damina ta zauna taɓo ne zalla, shi ya sa na sa wani dila a Kano ya yo min odar a-kori-kura Ford F-150 ƙirar 2012 daga Amurka, kuma tun farko na ce masa mai limited slip a baya nake so don abokina na da irinta na ga yadda take ratsa laka. Ya ce akwai, har ya rubuto min a WhatsApp. Mota ta iso na biya, saura miliyan 2 muka yi zan cika bayan girbi. Sati biyu da karɓa na kafe a bakin gona, na sa fowil ma a banza, taya ɗaya a gaba ɗaya a baya ke ta juyawa suna watsa taɓo, sauran ko motsi, sai tarakta ce ta ja ni. Bakanikena ya duba ya ce babu shi. Na koma wa dila ya ce ai duk ɗaya ne tunda motar fowil ce, wai zai rage min dubu 150 a bar maganar. In karɓa ne ko in mayar masa da kayansa? Wallahi ina son motar, injinta lafiya lau.
Daga wani manomi, Haɗeja.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da damina mai albarka. Kada ka karɓi dubu 150 ɗin nan tukuna, kuma kada ka cika ko sisi daga miliyan 2 ɗin, don ita ce igiyar da ta rage a hannunka, ranar da ka cika ta ranar wayarsa za ta fara shiga ba a ɗagawa.

Maganarsa ta duk ɗaya ne ba gaskiya ba ce, kuma kai ka gani da idonka a gona. Difarenshal, wato giyar da ke tsakiyar aksil (ƙarfen da ya haɗa tayar hagu da ta dama) tana raba musu ƙarfin inji, na gama-garinsa wanda ake ce wa open ƙarfi iri ɗaya yake ba tayoyin nan biyu, to in ɗaya ta faɗa santsi ta rasa abin kamawa ita ma ɗayar da ke kan busasshiyar ƙasa ɗan wannan ƙarfin kawai take samu, sai ka ga ta cikin taɓo tana ta wulwulawa ɗayar tana tsaye. Fowil yana haɗa gaba da baya ne kawai, bai hana wannan ba, shi ya sa ka ga ɗaya gaba ɗaya baya. Shi kuwa limited slip, wanda Ford ke kira Traction-Lok, wasu faifan kuloci ne a ciki da ke riƙe tayoyin biyu kada ɗaya ta tsere wa ɗaya, sai ƙarfi ya kai ga wadda ta kama ƙasa. Zai iya ce maka ai motar na da traction control, eh tana da shi kuma yana ɗan taimakawa ta hanyar matse birkin tayar da ke zamewa, amma ba shi kuka yi ciniki a kai ba.

Kafin ka koma ka haɗa hujja, don "bakanikena ya ce" ba ta cin gardama a filin dillalai. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai sitika, ka nemi inda aka rubuta AXLE. Lambar da ke wurin tana nuna irin difarenshal da lissafin giyarsa, wato sau nawa shaf ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya. A wannan ƙirar in ka ga 19 to 3.55 ne open, in H9 ne 3.55 mai limited slip, haka 26 open ne na 3.73, B6 kuma mai limited slip. Ɗauki hotonta tare da lambar shasi. Sannan a sa wa tayoyin gaba dutse, a ɗaga bayan motar da jak tayoyin biyu su bar ƙasa, giya a firi, a juya taya ɗaya da hannu, in ɗayar ta juya baya-baya open ne, in ta bi ta gefe guda akwai kuloci a ciki. Yi bidiyonsa. In kuma sitika ta nuna H9 amma taya ta juya baya-baya to ko faifan sun cinye ko an taɓa canza aksil ɗin, sai an kwance murfin a leƙa. Saƙon WhatsApp ɗin nan kuwa yau ɗin nan ka yi masa sikirinshot ka tura wa wani ya ajiye maka.

Wani abu da nake so ka riƙe, ba lallai da gangan ya yi ba. Da yawan dilolinmu a gwanjon intanet suke sayen motocin nan, hoto kawai suke gani, wani ma bai san me kalmar ke nufi ba ya dai ce akwai don kada ciniki ya wuce shi. To kada ka shiga da "ka cuce ni" a gaban yaransa da kwastomomi, mutum in ka kunyata shi a wurin sana'arsa taurin kai zai yi ko da ya san bai da gaskiya. Ka je da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, ku zauna a ofis, ka ajiye waya a tebur ka ce Alhaji ga abin da muka yi sharaɗi, ga abin da ya zo, yaya za mu gyara.

Amma kar ka zauna ba ka san farashin gyaran ba, nan ne mutane ke faɗuwa. Samu masu kayan Ford biyu ko uku su ba ka kuɗin kayan sa limited slip ɗin a rubuce, da kuɗin aiki, da mai, da ɗan sinadarin da ake zubawa a man saboda kulocin, in babu shi za ka riƙa jin gurnani a kwana. Jimillar nan ita ce abin da za ka nema a cire, har da kuɗin taraktar da ta ja ka in ka so. Tunda kana son motar ni abin da na fi so maka shi ne a cire kuɗin daga cikon ka kai wa bakaniken da ka yarda da shi, don in ka bar wa dila gyaran mafi arha zai nemo. Aikin ba a yin sa da garaje, sai an saita tazarar haƙoran giyar daidai in ba haka ba kuka za ta riƙa yi a kan titi har ta cinye kanta.

In ya ce zai sa maka aksil ɗan Beljiyam gaba ɗaya, ka yarda bisa sharaɗi biyu, lambar ta zo daidai da ta gaba, wato in 3.55 ce a gaba 3.55 za a sa a baya, in suka saɓa ka sa fowil to gaba da baya za su riƙa ja-in-ja har wani abu ya karye, sannan a gwada shi a gabanka don faifan nan suna cinyewa da shekaru. Kuma dan girman Allah in wani ya ce a yi wa difarenshal ɗin walda a huta, ka ƙi, motar da za ta ɗauko buhunan shinkafa ta hau kwalta ba a yi mata haka, taya za ta ci kuma shaf zai iya tsinkewa a kwana.

In ya kafe kan dubu 150 ɗinsa sai ka ce ya karɓi motarsa ya dawo da kuɗinka, ka faɗa a natse, galibi a nan ake sauka don ba ya son mota ta dawo fili. Daga nan akwai shugabannin ƙungiyar masu sayar da motoci, sannan hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya FCCPC, dokarta ta 2018 ta hana a sayar wa mutum kaya da siffar da ba tasa ba. Duk abin da kuka daidaita a rubuta shi a bayan rasit da adadin kuɗi da rana, ku sa hannu da shaidu biyu. Kafin nan ka daina shiga fadama da ita kada ya ce kai ka lalata masa mota, ka nemi tarakta ko ka roƙi abokin nan naka ya riƙa shigar maka da taki.