Hoton da AI ya zana a takardar bincike

Ka tambaya ko za ka iya sa manhajojin AI (ƙirƙirarriyar basira) irin su Midjourney ko ChatGPT su zana maka hotunan takardar bincikenka. Malam, ya danganta da irin hoton.

In jadawalin alƙaluma ne, kada ka yarda manhajar zane ta taɓa shi. Ba ta san adadinka ba, kamantawa kawai take yi. Gara ChatGPT ya rubuta maka umarnin zana jadawalin a R ko Python (yarukan ba kwamfuta umarni), ka zuba bayananka da kanka, ka duba abin da ya fito.

A Fabrairun 2024 mujallar Frontiers in Cell and Developmental Biology ta buga wata takarda mai hoton ɓera da Midjourney ya zana, al'aurarsa ta wuce misali, rubutun jikin hoton kuwa shirme zalla. Cikin 'yan kwanaki aka janye ta. Ita mujallar Nature tun 2023 ta ce ba za ta buga irin waɗannan hotuna ba.

Fastar taro ko bayani ga jama'a da sauƙi, amma ka faɗa cewa AI ne ya zana, sunayen sassa kuma ka rubuta su da kanka. Kafin ka fara, karanta ƙa'idar mujallar da za ka tura wa.