Don me muka yi saurin binne Kaka?

Ɗana, gaisuwa mai yawa. Ya gajiyar hanya, ya kuma haƙurinmu? Allah ya ƙara mana haƙuri baki ɗaya.

Saƙonka ya iso. Ka ce 'yan majami'arku a Abuja sun yi mamaki da suka ji Kaka ta rasu ran Talata, Laraba da hantsi har an rufe ta. Wani ma ya ce maka wai jana'izar Musulmi muka yi wa Kirista, tunda ga tsohuwa mai jikoki da tattaɓa-kunne amma ba a kai ta ɗakin ajiye gawa ba, ba anko, ba a yanka saniya ba, ba a buga hotonta a riga ba. Ka kuma ce maƙwabta suna tambayarka yaushe ne arba'in, kana so ka sani don ka soma tara kuɗi. Na ji daɗi da ka tambaya maimakon ka bar abin yana cin ka a rai. Sai ka yi haƙuri da tsawon amsar, ka san goggonka.

Da fari dai, ka ɗauki Littafi Mai Tsarki ka duba daga Farawa har Wahayi, ba za ka sami inda aka yanka wa mai bi kwanakin da gawarsa za ta yi kafin a binne ta ba. Ubangijinmu kansa ran da ya mutu aka sa shi a kabari. Yusufu mutumin Arimatiya ya roƙi jikinsa wurin Bilatus, ya naɗe shi da likkafani, aka rufe kafin Asabar ta shiga. Hananiya kuwa, a Ayyukan Manzanni sura 5, samari sun ɗauke shi sun binne, matarsa ba ta ma sani ba sai da ta shigo bayan kamar sa'a uku. Amma ka juya Farawa sura 50 ka ga Yakubu. Kwana 40 aka yi ana gyaran gawarsa da magunguna a Masar, aka yi makokinsa kwana 70, sa'an nan aka ɗauke shi har ƙasar Kan'ana, zuwa kogon Makfela. Saboda haka 'yan'uwanmu da suke ajiye mamaci sai 'ya'ya sun taru daga nesa, ko sai an kai shi garinsu, ba zunubi suka yi ba, kada ka raina su. Mu ma da muka gaggauta ba mu rage wa Kaka komai ba.

Zancen wai aro muka yi, wanda ya faɗa bai san ƙasar nan ba. Kakannin ubanka Maguzawa ne, tun bishara ba ta iso ƙauyenmu ba a ranar mutuwa suke binne nasu, in dare ya yi a bari sai da safe. Wa zai ajiye gawa a ɗakin ƙasa cikin zafin Maris da Afrilu? Rana ɗaya ce take dukanmu mu da maƙwabtanmu Musulmi, shi ya sa al'adar ta zo ɗaya. Ai kana wurin, ka ga waɗanda suka kama gina kabarin da samarin majami'a. 'Ya'yan maƙwabtan ne, wasunsu ma a hannun Kaka aka haife su.

Tunda kai ɗan ECWA ne, ya kamata ka san wannan. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankin nan a lokacin: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. A 1894 biyu daga cikinsu suka mutu. Kent ya rasu a Bida, Gowans kuma a Girku, nan ƙasar Zazzau, aka binne shi nesa da uwarsa da danginsa, ba taro ba ganga. Bingham ne ya rage, ya yi ta komowa har aikin ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ya kafu, daga cikinsa ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Duk majami'ar da kake shiga da wannan suna, akwai kabarin Girku a tarihinta. Ban taɓa jin wanda ya ce an ci mutuncin Gowans don ba a yi masa anko ba.

Yanzu bari in faɗa maka abin da yake damuna, don na daɗe a zumuntar mata, gidajen makoki kuwa na shiga su har ba na iya lissafawa. Kowane dare da gawa ta kwana a asibiti kuɗi ne. Ga akwati, ga motar ɗaukar gawa, ga rumfa da kujeru na haya, ga buga takardar tsarin sujada mai hotuna, ga shinkafar ciyar da mutanen da rabinsu ba su san mamacin ba. Na ga gidan da aka jinginar da gona don a fita kunya. Baƙi suka watse ran Asabar, ran Litinin gwauruwa ta tashi da bashi da yara biyar, damina kuma ba inda za ta shuka. Na ga tsohon da ya yi shekaru yana tsallake maganin hawan jini don ba kuɗi, 'ya'yansa suna birni, waya ma sai an yi sa'a. Ran da ya mutu aka kawo akwati mai gilashi da hannuwan zinariya. Mu mata muna waƙa a bakin kabari, amma wallahi zuciyata ba ta cikin waƙar. Kuɗin akwatin nan da ya saya masa magani na shekara da shekaru.

Ka tuna matar nan ta Betanya a Markus sura 14, wadda ta fasa tulun turare mai tsada ta zuba wa Yesu a kai yana zaune wurin cin abinci. Mutane suka yi gunaguni, wai da an sayar fiye da dinari 300. Yesu ya ce a ƙyale ta, ta riga ta shafe jikinsa domin jana'iza tun da sauran lokaci. Matan da suka sayi nasu kayan ƙanshi suka tafi kabari da asubar Lahadi ba su sami wanda za su shafa wa ba. Ni a nan na tsaya. Abin da ake bin mu bashi game da tsofaffinmu, suna da rai ake biya. Kai kuma ka biya naka, kada kowa ya sa ka jin kunya. Bargon da Kaka take rufa da shi lokacin hunturu kai ka aiko, kuɗin asibitinta na bara kai da ƙanwarka kuka haɗa, kuma ta sha faɗa mini.

Maganar arba'in kuwa, ba za mu yi ba. Maƙwabtanmu suna yin addu'ar uku da bakwai da arba'in don nema wa mamaci gafara, ko da yake su ma malamansu ba bakinsu ɗaya a kai ba. 'Yan'uwanmu Katolika suna yi wa matattu addu'a, har suna da rana ta musamman, 2 ga Nuwamba. Mu abin da aka koya mana shi ne na Ibraniyawa 9:27, mutum sau ɗaya yake mutuwa, bayan haka sai shari'a. Kaka ta ba da gaskiya ga Almasihu tun tana amarya, tuwon da za mu raba ba zai ƙara mata kusanci da shi ba. Ka ga Dawuda, yaronsa yana ciwo ya yi azumi ya kwanta a ƙasa, da yaron ya mutu sai ya tashi ya yi wanka ya ci abinci, ya ce shi zai tafi wurin yaron, yaron ba zai komo wurinsa ba. In maƙwabta sun sake tambayarka, ka gode musu da kyau, don ƙauna ce ta sa suka tambaya. Ka ce mun yi sujadar godiya ran Lahadin da ta biyo baya, mun tashi makoki.

Zaman makokin kansa shi ne al'adar da ba na so ku yara ku yar. A da, gidan da aka yi rashi ba a hura wuta. Maƙwabta ne suke shigowa da kunu da safe, tuwo da dare, mata a tsakar gida, maza a zaure ko gindin bishiya. Yanzu abin yana neman juyewa, mai rashi ne yake dafa wa masu gaisuwa, har a fita ana cewa naman ya yi kaɗan. Wannan ba namu ba ne. Mai zuwa ta'aziyya zama ya zo yi, ya ce ya haƙuri, ya yi shiru, in ya iya ya ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa. Mai Hadishi ya ce gara zuwa gidan makoki da zuwa gidan biki, don a nan kowa zai ƙare, mai rai kuma ya riƙe wannan a zuciya. Wato zaman nan ba don mamaci ake yin sa ba, don mu ne da muke kan tabarma. In ka cika gidan da janareta da lasifika da layin karɓar abinci, yaushe mutum zai sami sararin tambayar kansa yadda yake tafiyar da kwanakinsa?

Kuka ma ba laifi ba ne. Akwai masu wa'azin da suke tsawata wa mata a bakin kabari, wai kuka rashin bangaskiya ne. Ban yarda da su ba. Yesu ya san zai ta da Li'azaru, duk da haka ya yi hawaye. Abin da Bulus ya gaya wa Tasalonikawa shi ne kada su yi baƙin ciki irin na marasa bege, bai ce su zama duwatsu ba. Na ga ka ɓuya bayan rumbu ran Laraba. Da ka yi kukanka a fili, ba wanda zai ga gazawarka.

Ka lura da bakin Kaka kuwa? Ba ta taɓa cewa gobe za ta yi kaza ba tare da "in Allah ya kai mu" ba. Wasu suna ɗauka maganar baka ce kawai, amma tana cikin wasiƙar Yaƙub sura 4, inda ya ja kunnen 'yan kasuwa masu cewa za mu je gari kaza mu shekara mu ci riba, alhali ba su san abin da gobe za ta kawo ba. Zabura 90 ta ba mutum shekara 70, in da ƙarfi 80, Kaka kuwa ta wuce nan, ta kuma san a kan ƙari take. Sanin bai sa ta naɗe hannu tana jiran sama ba. Har daminar bara tana zuwa gonar gyaɗarta da sanda. Zannuwanta na cikin adaka ta rarraba da hannunta, kowace jika ta san nata, shi ya sa ba ka ji ana rigimar kaya ba. Wadda suka yi shekaru ba sa ga-maciji da ita a kan iyakar gona, Kaka ce ta aika aka kira ta, suka yafi juna, matar nan kuwa ita ta fi kowa kuka. Bashin manja da ake bin ta a kasuwa ta sa aka biya tun tana iya magana. Duk shirin jana'izarta ke nan, ita ta yi abinta.

Kuɗin da kake niyyar tarawa, ga inda zan so su tafi, in ka ji shawarata. Yanar idon babanka ta yi ƙarfi, ya daina karanta Littafinsa da kansa, kunya ce ta hana shi gaya maka. Ka zo ka kai shi asibitin ido na ECWA a Kano a duba shi. Matar marigayi baffanka kuma tana fama da kuɗin makarantar autanta, zango biyu ke nan ana koro shi. In wani abu ya ragu, ka sa a zagaye kabarin Kaka da bulo a rubuta sunanta, don shanu suna bi ta wurin da rani.

Sai maganar kai da yayanka. Na lura ko a makoki ba ku haɗa ido ba, kowa ya zauna a tasa tabarmar. Ban san wa ya fara ba, ba na kuma son in sani. Kai ne ƙarami, ka kira shi cikin makon nan, kada ka ce sai Kirsimeti.

Nawa kuma na riga na gaya wa Fasto da dattawan ikilisiya, yanzu ina gaya maka don ka zama shaida. Ran da Ubangiji ya kira ni, kada a kai ni firiji. Wanda ya iso ya iso, wanda bai iso ba ya zo gaisuwa daga baya. Akwatin katako na kafintan garinmu ya isa, zumuntar mata su yi waƙa da tulunsu, a sa ni kusa da Kaka. In wani ya kawo zancen anko, ka ce Goggo ta hana.

Ka gaishe mini da matarka da yara. Ka gaya mini ranar da za ka zo don babanka ya shirya, motar Kano da sassafe take tashi.

Goggonka