Tambayi Likita: Sigari da Huhun Al'ummar Inuit na Arewacin Kanada

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kanada, an tura ni aikin wata shida a Nunavut, yankin arewacin ƙasar da galibin mazaunansa Inuit ne, 'yan asalin wurin. Abokan aiki sun ce masu ciwon ƙirji zan fi gani. Sanyi ne ke jawo haka? Daga wata 'yar'uwa a Winnipeg.

Amsa: Wa alaikumus salam malama, Allah ya ba da sa'a. Sanyi yana da hannu, amma ba ta inda kike zato ba. Aikinsa shi ne ya cusa mutane cikin gida, a rufe ƙofa da taga ruf wata da watanni. Ƙidayar 2016 ta nuna wajen rabin Inuit da ke zaune a yankunansu na gado suna cikin gidajen da mutane suka yi wa yawa. Sai ki ɗora sigari a kai. Binciken hukumar ƙididdiga ta Kanada na 2012 ya gano kashi 63 cikin 100 na Inuit masu shekara 15 zuwa sama a yankunan suna sha kullum, alhali a ƙasar baki ɗaya kashi 16 ne.

A cikin hanyoyin numfashi akwai wasu 'yan gashi ƙanana da ke aiki kamar tsintsiya, suna share majina da ƙura da ƙwayoyin cuta zuwa maƙogwaro. Hayaƙi yana kashe musu jiki, sai datti ya kwanta a ƙirji. Shekaru na tafiya hanyoyin su ƙuntace, 'yan buhunan iska su lalace, mutum ya koma yana haki ko takalmi ya sunkuya sawa. Wannan ita ce cutar toshewar huhu, kuma abin da ya lalace ba ya dawowa.

Amma jarirai ne za su fi tsaya miki a rai. Yawan kwantar da jariran Inuit a asibiti saboda ciwon ƙirji yana cikin mafi yawa a duniya. Uwar da ta sha sigari da ciki takan haifi yaro da hanyoyin numfashi tsukakku, ga shi zai buɗe ido a ɗaki mai hayaƙi, sai murar da wani yaro zai yi ya warke ta kai shi ga neman iskar oksijin. Kansar huhu ma haka, Inuit suna sahun gaba a duniya. Ki kuma sani asibiti ɗaya ne a duk Nunavut, yana Iqaluit, babban birnin yankin, kuma babu titin mota da ya haɗa garuruwanta 25. Mai bukatar babban magani sai an ɗauke shi a jirgi zuwa Ottawa ko Winnipeg ko Edmonton. Don haka kada ki raina tarin da ya daɗe a bakin mai shan sigari.

Tambaya: Likita, na ji an ce tarin fuka ya yi wa Inuit katutu. To ai ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ina ruwan taba? Daga wani malamin makaranta a Kano.

Amsa: Gaskiyarka malam, taba ba ta haifar da ƙwayar, hanya take buɗe mata. Mai shan sigari ya ninka wanda ba ya sha kusan sau biyu wajen haɗarin kamuwa, kuma ciwon ya fi saurin dawo masa bayan magani. A 2016, idan aka auna da yawan jama'a, yawan kamuwa da tarin fuka tsakanin Inuit a yankunansu ya ninka na sauran haifaffun Kanada waɗanda ba 'yan asalin ƙasar ba fiye da sau 300. A 2018 gwamnatin Kanada da ƙungiyar Inuit, Inuit Tapiriit Kanatami, suka yi alkawarin kawar da cutar kafin 2030.

Akwai kuma tabon tarihi. Daga shekarun 1940 zuwa 1960 an riƙa kwashe masu tarin zuwa asibitocin kudancin Kanada, da yawa a jirgin ruwan C.D. Howe, wasu suka rasu can ba a ko sanar da danginsu inda aka binne su ba. Sai a 2019 Firaminista Justin Trudeau ya je Iqaluit ya nemi gafara. Ni dai ban ga laifin dattijon da ke ɗari-ɗari da zuwa gwaji ba. Mu ma nan gida Najeriya cutar ba ta bar mu ba: tarin da ya wuce mako biyu a kai kaki a gwada, maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Tambaya: Shin shan taba ba al'adar Inuit ba ce tun kaka da kakanni? Daga Maraɗi.

Amsa: A'a. Taba ba ta tsiro a ƙasar ƙanƙara. Turawa masu farautar kifin wel da 'yan kasuwa irin na kamfanin Hudson's Bay ne suka kai musu, suna musayarta da fatu.

Tambaya: Likita, shekarata 52, na yi shekara 30 ina sha, ga jikoki a gida. In na daina yanzu akwai sauran amfani? Daga wani direba a Kumasi.

Amsa: Akwai, Alhaji. Cikin kwana guda gubar da ke hana jini ɗaukar oksijin za ta sauka. Cikin 'yan watanni 'yan gashin nan su farfaɗo. Tari ma yakan ƙaru da farko, kada ka tsorata, shara ce ta kankama. Bayan shekara 10 haɗarin kansar huhu yakan ragu da kusan rabi. Kwanakin farko ne masu wuya, saboda haka ka nemi cingam ko filastar nikotin ta hannun likita. Kafin nan ka fitar da hayaƙin daga gida da mota gaba ɗaya, buɗe taga bai isa ba. A Nunavik, yankin Inuit na arewacin Quebec, da wannan aka fara: gidan da aka daina shan sigari a cikinsa sai a sa masa shuɗin ƙwan lantarki a ƙofa, mai son ya sha ya san sai dai ya tsaya waje.