Amfanin sansanin jiragen sama na tsibirin Ascension

Ka tambayi abin da ya sa aka gina filin jiragen yaƙi a Ascension, tsibirin duwatsu da ke tsakiyar tekun Atlantika. Dalilin shi ne shan mai. Sojojin Amurka ne suka gina filin a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin jiragen da ke tasowa daga Brazil su yada zango kafin su ƙarasa Accra, wasunsu su wuce Kano da Khartoum. Sunansa Wideawake, daga wasu tsuntsayen teku masu kwana suna kuka, waɗanda suka riƙa cika hanyar jirgin har suna hana tashi. A yaƙin da Birtaniya da Argentina suka yi kan tsibiran Falkland a 1982 kuma, daga nan jiragen Vulcan na Birtaniya masu jefa bama-bamai suka riƙa tashi.

Sai dai a shekarun da na yi ina bibiyar lamarin, na lura amfaninsa duka ya rataya ne a kan titin jirgi guda ɗaya. Da titin ya farfashe a 2017, sai manyan jiragen da ke zuwa Falkland suka koma sauka a Cape Verde, wani lokaci kuma a Dakar, har aka kammala gyara a 2023.